Shinkafar da Na Noma a Intanet

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka haska fuskata a jikin bango, ina murmushi a tsakiyar gonar da ba tawa ba, mai gonar kuma yana zaune a gabana yana kallo.

Bari in faro daga tushe. Na gama karatun aikin gona a kwalejin da ke Bici, na dawo ƙauyenmu na zauna wajen shekara biyu babu aiki. Mahaifina tela ne, ba manomi ba, ni kuma duk noman da na sani a takarda na san shi. Idan zana ganye ne a yi masa kibiyoyi da sunaye, ba na jin akwai wanda ya fi ni a ajinmu. Amma fartanya, gaisuwa kawai muke yi daga nesa.

Ana nan sai wata ƙungiya mai tallafa wa manoman rani ta ce tana neman malamin gona da zai riƙa zagaya manoman da ke kusa da dam ɗin Watari. Na kira Aminu, ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke gyaran kwamfuta a Bacirawa, na ce ya taimaka ya gyara min takardun neman aiki.

Ya ce, "Takarda kuma? Kowa takarda zai kai. Ka buɗe shafinka na kanka a intanet, su buga sunanka su gan ka. Nan take za su san ba sa'anka ba ne sauran."

Maganar ta shige ni. Kwana tara na yi ina hawa tudun bayan makarantar firamare, domin nan ne kaɗai sabis ke kamawa sosai a garinmu, ina gina shafi a waya. Na ƙirƙiri kamfani, na naɗa kaina CEO, wato shugaban kamfani (ma'aikatan kamfanin su ne ni da wayata). Na rubuta cewa ina da "gogewa mai zurfi" a noman rani. Na karanta sau uku, har ni kaina na fara ganin girman mutumin.

Saura hoto. Aminu ya zo da babur ranar wata kasuwa, lokacin sanyi, muka nufi Watari. Na ari takalmin roba mai tsawo da malafa. Muka yi ta zagaye har muka ga wata gona kore shar, babu kowa a ciki, ga bishiyar mangwaro a gefe, ga injin ban ruwa an ɗaure masa jan tsumma a hannu. Na kutsa har tsakiya, na durƙusa, na kama ganye ina dubawa kamar likita. Aminu yana cewa, "Ƙara matsawa ciki. Yauwa. Ɗaure fuska kaɗan, masana ba sa yawan dariya." A ƙarƙashin hoton na rubuta da manyan baƙaƙe: Ɗaya daga cikin gonakin shinkafata.

Ranar da ƙungiyar ta kira mu ganawa, mu goma sha wani abu ne a kan benci, kowa da ambulan ɗinsa. Ina kallon su ina jin tausayinsu. Da aka kira ni na tarar da mutum uku: wata Hajiya mai tabarau wadda ita ce shugaba, wani matashi da kwamfuta a gabansa, sai wani tsoho a gefe da koɗaɗɗiyar riga yana jan carbi. Aka ce sunansa Baba Tanko, wakilin manoma. Na gaishe da Hajiya har da rusunawa, na ba matashin hannu, tsohon kuwa na ɗan ɗaga masa kai kawai. (Allah ya yafe min, na ɗauka don a cika kujera aka kawo shi.)

Hajiya ta yi min tambaya biyu, na amsa ba laifi. Da na tsaya a nan, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ina! Sai na gyara zama na ce, "Hajiya, da za a buɗe shafina na intanet, ai da an huta da tambayoyi." Babu wanda ya nema. Ni na roƙa. Har na tashi na taya matashin haɗa majigi.

Hoton ya fito a bango, ya fi ni girma. Hajiya ta gyaɗa kai. Sai na ji carbin nan ya daina ƙara.

"Ɗan samari, ƙara min girman gefen nan," in ji Baba Tanko. Aka matso da injin mai jan tsumma. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni cikin natsuwa. "Malam, gonar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Baba. Ɗaya daga ciki."

"Masha Allah. Me aka rubuta a ƙasa? Ni ban yi boko ba."

Da bakina na karanta masa, har da fassara. Na ƙara da bayanin cewa irin shinkafar mai jure sanyi ce. Wallahi ban san inda na samo wannan ba.

Ya ce, "To. Na farko dai, wannan alkama ce. Na biyu, ni na shuka ta. Tsumman nan daga tsohon zanen matata na yago shi." Ya nuna ƙafafuna a hoton. "Ashe kai ne mai takalmin. Fangali huɗu na shuka ka tattake min. Sati biyu ba ma gaisawa da maƙwabcina saboda na ce shi ne."

Matashin ya sunkuyar da kai bayan kwamfuta, kafaɗunsa suna rawa. Hajiya ta cire tabarau ta shiga goge shi da mayafi, ta daɗe tana gogewa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, ai suna kama." Ya ce, "Ƙwarai, duka kore ne."

Sai ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Na faɗa. Ya ce, "Malam Sani tela? Shi ya ɗinka min rigar nan." A nan na san magana ta ƙare.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Babana a kan keken ɗinki, bai ɗago ba ya ce, "Sannu da zuwa, mai gonaki." Inna kuwa har yau in za ta dafa taliya sai ta ɗago ta tambaye ni ko in duba mata, kada ta zama shinkafa ce.

Washegari Babana ya tasa ni a gaba har Watari. Na durƙusa na ba Baba Tanko haƙuri, sannan ya kai ni wajen maƙwabcin nasa na sake ba da wani. Baba Tanko ya ce ya yafe, amma tunda na ce wa duniya gonata ce, sai in zo in taya shi aikinta har a yi girbi. Wata biyu na yi ina buɗe ruwa ina toshewa, tafin hannuna ya yi kanta, bayana ya san abin da ake kira noma. Aikin ƙungiya dai wata yarinya aka ba, wadda ta zo da takarda ɗaya tak, ta kuma san kowace cutar tumatur da ido.

Shafin yana nan, ban rufe shi ba. Na dai sauke kaina daga CEO, na rubuta cewa ina koyon noman rani a hannun wani dattijo. Abin haushi, sai yanzu ne mutane ke turo min tambaya ta ciki, ni kuma in je in tambayo shi.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka faɗa wa duniya ko kai wane ne, ka tuna duniyar ta haɗa da mutanen garinku, kuma su ma ana gayyatar su ganawa.