Ni Ina Kano, Harajina Yana Legas

Ko da zan manta da komai na zamana a Alƙahira, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Ainu Shams ba, ranar da na baje a tsakiyar mata ina ba da darasi a kan haraji, alhali iyakar sanina da haraji shi ne ana yankar sa daga albashina.

Ni 'yar Kano ce, a Kabuga nake zaune, amma kamfanin da nake wa aiki yana Legas. Ban taɓa taka ofishinsu ba. Daga ɗakina nake amsa saƙonnin masu sayen kayansu ta kwamfuta, ƙarshen wata in ji albashi ya shigo. Da maigidana ya zo ƙarasa karatunsa a Giza, gefen Alƙahira, sai na ɗauko kwamfutar na biyo shi don in yi wata uku, tunda aikina bai damu da inda nake ba. (Ina matuƙar son faɗin wannan a gaban mutane. Har wata 'yar murya nake sa masa.)

Matar abokin maigidana ce ta haihu, aka gayyace mu suna. Bayan sallar Juma'a muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka muka haura bene hawa biyar da ƙafa. Maza suna gidan maƙwabci, mu kuma mata mun cika falon maijego: matan ɗalibai, 'yan mata masu karatu, da wasu 'yan kasuwa biyu 'yan Damagaram da suka zo sarin abaya. Ga koshari, abincin Masarawa, ga tuwon shinkafa. A can gefe kusa da taga akwai wata dattijuwa cikin atamfa da ta sha wanki, an rufe mata ido ɗaya da auduga. An ce mini goggon maijego ce, Goggo Asabe, ta zo ne aka yi mata aikin ido. Na gaishe ta sama-sama na wuce.

Ana cikin hira sai wata ɗaliba 'yar Sakkwato, Rukayya, ta matso kusa da ni da wayarta. Ta gama karatu, za ta koma gida, kuma ta sami aikin fassarar Larabci da wani kamfani na Fatakwal, wanda za ta riƙa yi daga gidansu. Sun turo mata takardar cikewa, akwai gurbin da ake tambayar jihar da za a riƙa kai harajinta. Ta ji an ce ni ce gwanar irin wannan aikin, shi ya sa ta zo.

Da na ce ban sani ba, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma kalmar gwana ta riga ta hau mini kai. Na gyara zama, na ɗaga murya yadda falon zai ji, na ce ai abin a bayyane yake: inda kamfani yake, can haraji yake zuwa. Na ce ta rubuta jihar da Fatakwal take, khalas, shi ke nan. Na ƙara da cewa mu masu aiki ta intanet ba mu da jiha, a iska muke aiki. Mata suka yi ta gyaɗa kai. Ɗaya daga cikin 'yan Damagaram ta ce masha Allah, boko ya yi rana. Rukayya ta fara dannawa.

Sai dattijuwar nan ta yi gyaran murya, ta ce a hankali wai ba ta ji sosai ba, in maimaita mata. Ni kuwa (Allah ya yafe mini) na juya na tausasa murya kamar mai lallashin ƙaramin yaro, na ce, "Goggo, wannan harajin zamani ne, ba irin jangalin shanu da kuka sani ba."

Na ga maijego ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririnta hula da ba ta karkace ba. Goggo Asabe ba ta ko ɓata fuska ba, ta dube ni da idonta ɗaya mai lafiya.

"To, ɗiyata. In kin rufe kwamfutar taki, a wane gari kike kwana?"

Na ce Kano.

"In ba ki da lafiya, asibitin wane gari kike zuwa? Titin wane gari kike bi?"

Na sake cewa Kano, amma wannan karon ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Daga nan ta warware mana zancen, ba gaggawa, ba kalma ɗaya ta Turanci. Ta ce harajin albashi mazaunin ma'aikaci yake bi. Aikin kamfani shi ne ya yanka ya aika wa jihar da mutum yake zaune, ko da kamfanin yana bangon duniya. Ta ce wa Rukayya ta goge abin da ta rubuta ta sa Sakkwato, in ta koma gida kuma ta je ofishin haraji ta karɓi lambarta ta mai biyan haraji ta aika musu. Cikin minti biyar har 'yan Damagaram, da dokar ƙasarsu daban take, sun fahimta. A lokacin ne maijego ta raɗa mini cewa Goggo ta shekara talatin da wani abu a hukumar harajin jiharsu, kuma ita ce shugabar sashen harajin albashi har ta yi ritaya.

Na ɗauka kunyar ta ƙare a nan. Ashe da saura. Goggo ta tambaye ni wane adireshi na ba kamfanina lokacin da suka ɗauke ni. Na so in yi tari in tashi shan ruwa, amma ido goma sha wani abu suna kaina. Dole na faɗi gaskiya: adireshin shagon kawuna na Agege a Legas na rubuta, don kada su ga Kano su ce na yi nisa. Wato shekara biyu ke nan ina kwana a Kabuga, harajina yana tafiya Legas. Ga shi muna komawa za mu fara neman takardun wani fili da sunana, kuma Goggo ta ce da wuya a gama ba a nemi shaidar biyan haraji ba. In na je ofishin Kano, ba za su ga ko inuwata ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta yi da ni bayan haka. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma bari a yi ba. Ta ce ma'alish, wato ba komai, ta ga manyan ma'aikata da suka yi kuskuren da ya fi wannan. Ta matsa ta ba ni wuri a kan kujerarta, ta sa na buɗe waya, ta riƙa faɗa ina rubuta wasiƙar da zan aika wa kamfani. Ta hana ni yin ƙarya a ciki, ta ce in rubuta cewa ni ce na ba da adireshin da ba nawa ba. Game da abin da aka riga aka kai Legas, ta ce ana gyarawa, amma sai na yi haƙuri da zirga-zirga.

Sai wata matar ɗalibi ta tambaye ta, to wanda ya shekara biyar a Masar yana wa kamfanin gida aiki fa, ina nasa zai je? Na kasa kunne in ji yadda za ta zuba ilimi.

"Wannan ba zan faɗa da ka ba," in ji ta. "An taɓa dokar bayan na bar aiki. Bari in kira wata da na bari a ofis, in ta tabbatar mini zan gaya miki."

Kuma ta kira ɗin. Bayan kwana biyu maijego ta turo wa matar amsa.

Kafin mu sauko daga benen labari ya riga ya isa wajen maza. Ni da maigidana muka shiga jirgi. Sai da muka wuce tasha uku ya dube ni da fuskar mutumin kirki ya tambaye ni ko shanun namu nawa ne, don ya san jangalin bana. Ban kula shi ba har Giza.

Na aika wasiƙar yadda ta tsara. Matar da ke kula da ma'aikata ta ɗan yi mini faɗa, ta gyara, ba a kore ni ba. Takardun fili kuwa sai da suka ci mini wata huɗu.

Yanzu ina koyon cewa "ban sani ba". Kalma uku ce kacal, amma har yau in zan furta ta sai na ji kamar ina haɗiyar ƙwayar magani ba ruwa. Ranar da ta ƙi fita kuma, nakan fara leƙa kowane lungu na ɗakin, in tambayi aikin da kowace tsohuwa ta yi kafin ta yi ritaya.