Rasuwar Uwar Kaset a Hannun Alhaji Maikuɗi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, takaici ya ƙarasa, Malama Naja'atu Isaka, mai koyarwa a lakol ɗin Cadawa, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Uwar Kaset, wadda ita kaɗai ke ɗauke da fim ɗin matan Sae Sabuwa. Ta rasu tana da wata goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiyar ba ta da hayaniya, halinsu ɗaya da mai ita. In an tura ta cikin bidiyo takan ce ƙaras, ta yi ɗan gurnani, sai dariyar Inna Shatu ta cika ɗaki. Inna Shatu ce tauraruwar fim ɗin. Allah ya yi mata rasuwa da damina, kuma ba ta bar hoto ko'ina ba sai a nan. Naja'atu, wadda ta ɗauki fim ɗin da kyamarar aro, ta hana a kwafe shi don gudun 'yan kasuwa. Ta karya ɗan haƙorin bayan kaset don kada a yi ɗauka a kai, ta naɗe ta a zane.

Ciwon ajali ya fara ranar da Alhaji Maikuɗi, ɗan takarar majalisa, ya yi sallama. Ya ce fim irin wannan ya fi ƙarfin talabijin ɗin rumfa, yana da mutum a Yamai da zai aika da ita waje a juye ta kan faifan silima, a haska a bango. Ya ce masu juyewa ba su karɓar kwafi, hoton yakan dushe, sai uwa. Wannan ita ce gaskiya ɗaya da ya faɗa. Naja'atu ta so ta ce ya jira ta kwafa, amma sa'an mahaifinta ne. Ta sunkuyar da kai, ta miƙa da hannu biyu.

Marigayiyar ba ta ga Yamai ba. A Gidan Rumji kaset ya yanke wa mai ɗaukar taron jam'iyya, Alhaji ya zaro marigayiyar daga aljihun mota, ya liƙe gurbin haƙorin da sikoc mai gam, aka ɗauki taron a kanta. Yanzu inda Inna Shatu ke dariya, shi ne ke alkawarin rijiyoyi har sa'a biyu. A haka aka dawo wa Naja'atu da ita.

Marigayiyar ta bar kwalinta, da mata sittin da uku da suka ajiye sussuka kwana tara don su fito a fim ɗin, da minti huɗu na ƙarshe waɗanda jawabin bai kai ba: bayan Inna Shatu, tana tafiya da tulu.

Za a nuna minti huɗun ranar Juma'a bayan La'asar a aji shida, a yanke su a adana, a binne sauran a bayan lakol ba likkafani. Goron ta'aziyyar Alhaji an mayar masa. Addu'ar arba'in ta faɗo ranar zaɓe, matan kuwa sun ce a rumfar zaɓe za su taru, kowace da katinta.