Shukar da Nomau Yake Jira

A ƙauyenmu na Rafin Dinya an yi wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, saboda haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, da idona na gani. Ƙato ne, gemunsa har ya fara furfura, amma hankalinsa na yara. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Daga shi sai uwarsa Tabawa mai daddawa, sai 'yan awakinsu. Tsohuwar nan damuwarta ɗaya ce a duniya, kullum ita ce a bakinta: in ta mutu, wa zai ba Nomau tuwo? Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a gindin tsamiya, ta kama hannunsa har gaban Malam Hashimu, ta ce ita ba takarda take nema masa ba, a dai koya masa abin da zai rayu da shi bayan ranta. Shi kuwa Malam ba ya fara darasi sai ya faɗi amfaninsa. Mu mu ji mu wuce, Nomau ya kwashe ya kai gida.

Wata rana aka yi darasin kiwon lafiya. Malam ya ce amfaninsa shi ne mutum ya tsare na gidansa daga cuta, kada a sha ruwan rafi sai an tafasa. A lokacin ne tari ya fara kama Tabawa. Nomau ya zo ya kwashe itacen da ta tara na dahuwar kalwa, ya tafasa ruwan randa, ya tafasa na awaki, har na alwala bai bari ba. Malam bai ce a jira ya huce ba, don haka yana saukewa ya cika moɗa ya miƙa mata, ya tsaya a kanta. Wallahi ta kurɓa, leɓenta ya saluɓe, ta ce masa Allah ya yi albarka. Makon nan ba a yi daddawa ba, daga gidanmu aka riƙa miƙa musu tuwo ta kan katanga.

Wata rana kuma aka zo kan labarin ƙasa. Malam ya ce wannan ilimi don kada mutum ya ɓata ne, wanda ya san inda rana take ba ya rasa hanya. Da jikin Tabawa ya yi tsanani aka rasa ɗan aike, duk muna gona ana girbi, sai aka tura Nomau asibitin da ke gabas da mu ya karɓo magani. Malam ya nuna masa rana da ta fito, ya ce ya nufe ta kawai. Ya kuwa nufe ta. Da ta zo tsakiyar ka ya zauna a inuwa yana jiran ta yanke shawara, da ta karkata yamma ya juyo ya biyo ta. Gab da magariba sai ga shi a ƙofar gida, ƙafa duk ƙaya, hannu babu komai, yana murna.

"Inna, ban ɓata ba."

Ta dube shi ta daɗe, sannan ta juya fuskarta bango. 

Wata rana aka yi tarihi. Malam ya ce amfaninsa kada a manta da waɗanda suka wuce, kowa ya je ya tambayi tsofaffi kafin su mutu. Nomau ya bi zaurukan gari, duk dattijon da ya samu sai ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ce a ba shi labari da wuri tun ba a mutu ba. Ɗaya daga cikinsu, Baba Jatau, ya kwaɗa masa sanda a ƙeya. Da ya dawo gida ya zauna bakin gadon uwarsa ya faɗa mata haka ita ma. Ita ba ta yi fushi ba. Ta ba shi labarin ubansa, da shekarar da aka haife shi ana tsakiyar noma, da 'yan uwansa da duk suka koma tun suna goye. Ya tambaye ta in ta tafi yaushe za ta dawo. Ta ce masa ya tashi ya ɗaure awaki.

Darasin ƙarshe da ya halarta na aikin gona ne. Malam ya ce duk cikin darussa wannan ne ke ciyar da mutum, domin abin da ka sa a ƙasa ka ba shi ruwa, ka yi haƙuri, zai fito. Cikin makon Tabawa ta rasu. Nomau bai yi kuka ba, ido kawai ya zuba. Ya ga an sa ta a ƙasa, an rufe, an yayyafa ruwa a kai kamar yadda aka saba, ni kuma na kafa ɗanyen reshen cediya wajen kai don shaida. Washegari aka gan shi da tulu yana yi wa kabarin ban ruwa. Aka yi faɗa, aka yi lallashi, ya ce ai mu muka fara zubawa. Aka kai shi wajen Liman don ya fahimtar da shi. Liman ya ce masa wanda ya shiga kabari sai ranar tashin ƙiyama zai fito.

"To za ta fito ke nan?"

Liman ya ce, "Za ta fito."

"Ai Malam ya faɗa."

Shi ke nan, babu wanda ya ƙara iya hana shi. Reshen ya yi toho. Da ya gani sai ya ce Inna ba ta son zaman kaɗaici, ya riƙa saro rassa yana kafawa a kan maƙwabtanta, yana ba kowa ruwa, rani da damina. Yara suka sa masa waƙa, manya suka ce haukan ya ƙarasa.

Maƙabartarmu a bakin kwazazzabo take. Bayan wasu shekaru aka yi wata damina da ba mu taɓa ganin irinta ba, ruwa ya ci gefen kudu ya tafi da kaburbura, har da na mahaifina. Mun kwashi abin da muka kwasa muna hawaye, ba zan so maƙiyina ya ga wannan rana ba. Amma inda cediyoyin Nomau suke, saiwa ta riƙe ƙasa, ko taku ɗaya ruwan bai ci ba. Mai gari da kansa ya ce a bar masa maƙabartar duka ya dasa. Tun daga ranar babu gidan da ba ya aika masa da abinci, domin kowa yana da nasa a ƙarƙashin inuwar nan. Tambayar Tabawa ta samu amsa, sai dai ba ta nan balle ta ji.

Wata rana Malam Hashimu ya zo ziyara, ya tsufa, an daɗe da rufe ajin. Na raka shi maƙabarta. Muka tarar da Nomau gindin cediyar farko, ya raba tuwonsa biyu, ya rufe rabi da faifai ya ajiye gefe. Haka yake yi kullum, wai in ta fito da yunwa za ta fito. Ya gane Malam nan take, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Malam, na yi duk yadda ka ce. Ina ba da ruwa, ina haƙuri. Ko akwai abin da na manta?"

 Mutumin da bai taɓa rasa bayani ba, ran nan sai da ya share ido da hannun riga kafin ya samu magana.

"Ba ka manta komai ba, Nomau. Wani irin yakan daɗe."

Nomau ya gyaɗa kai, ya gyara gammonsa, ya ɗauki tulu ya nufi rafi.