Kujerar Mai Shago

"Lafiya lau, Amarya. Ya gajiyar zama?"

Da haka Dogo ya ƙarasa gaisuwarsa, don a zaune ya tarar da kakarsa a ƙofar shagon bakin layinsu, kan farar kujerar roba, da kwalbar lemo a hannu. Kambas ɗin da ya saya mata na ƙafarta, fes kamar yau aka ciro shi daga kwali. Likita ne ya ce jijiyoyin jinin ƙafarta sun tsuke, in ba ta riƙa tafiya kullum ba abin na iya kaiwa ga yanke ƙafar. Ita kuwa tafiyar tata daga gida ce zuwa shago, nisan da ko kaza ba za ta kira shi yawo ba.

"Gajiyar zama? Kai da ka wuni a kujerar mota, tumbinka ya riga ka shigowa layi?"

"Ni fa takalmin tafiya na saya miki, ba na ado ba."

"Wannan? Kamar na ɗaura bulo biyu. Mazan kirki zinare suke saya wa matansu, kai ka kwaso min kayan 'yan ƙwallo."

"Ɗaga in ga ƙasansa."

"Ba zan ɗaga ba. Yau ma sai da na kai bakin gada na dawo."

"Gadar da aka rushe bara?"

"Yawan takawata ne ya rushe ta."

Mai shago ya leƙo yana washe baki, shi a dole ya yi abin kirki. "Ai ba ma barin Mama ta wahala. Tana tsayawa nake fito mata da kujera."

"Ashe kai ne mai hure mata kunne," in ji Dogo. "Ni ina kai ta asibiti, kai kana ba ta sukari a kwalba. To ka riƙe ta, na bar maka."

"Ka bar wa wa? Wa zai kwashe ka in na ƙi ka? Da wannan wuyan naka kamar muciya?"

Mai shago ya koma ciki yana dariya. Sai tsohuwa ta rage murya.

"Kai ba ka sani ba. Ina fara tafiya bayan ƙafata yake ɗaurewa tamau, dole in tsaya."

"Ai likita ya faɗa. In ta riƙe ki tsaya, in ta saki ki ci gaba."

"Likita bai san layin nan ba. Ina tsayawa wannan ya kawo kujera, wancan ya tsai da mota, mai ɗinki ta fito da ruwa tana jera sannu. In ce musu me? Ku bar ni in tsaya kamar turke? Kunya nake ji." Ta juya kwalbar a hannunta. "Tsoro kuma nake ji. Haka ƙafar kakanka ta fara. Ni na riƙa naɗe masa ƙafar wando ɗaya har ya rasu."

Dogo ya dubi ƙafarta. Ya tsaya yana kaɗa makullin mota. Can ya ce, "To ga dabara. Tare za mu riƙa fita. In ƙafar ta riƙe, ki tsaya mu kama faɗa. Wa zai kawo kujera ana rigimar miji da mata?"

"Faɗa da kai? Ai ko ina barci sai na kayar da kai."

"Tashi mu gani."

Ta yi dariya, ta miƙa masa kwalbar. "Ungo, shanye. Tumbin ya riga ya lalace."

Suka kama hanya, ita a gaba tana ɗingishi, shi a baya yana rage taku kada ya wuce ta. Daidai ƙofar mai ɗinki ta ja ta tsaya cak, ta dafe hannunsa da ƙarfi. Labulen shagon ya motsa.

"Maza," ta ce ƙasa-ƙasa, "fara zagina. Ta riƙe."