Inji Ya Shiga Hutu, Ciyawa Ta Samu Gata

Jama'a, yau wuyana ba nawa ba ne. Da safe ina zaune inda 'yan dako ke jiran aiki a Komersiyo, unguwar kasuwanci ta bakin teku a nan Bahiya, ina shawarar ko in koma kwale-kwalen kamun kifi ko in sake gwada naɗin sigari, sai ga ɗan aike wai hukuma na neman majiya ƙarfi. Na ɗauka buhunan sukari ne. Ashe injin yankan ciyawar nan na lambun shan iska za a kai rumbun ajiya, can saman tudu, kuma a ka.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, bara aka sauke shi daga jirgin Ingila, da ganguna da jawabai. Ƙarfe ne mai ƙafafu, wuƙaƙe a murɗe a cikinsa, kujera a bisa inda mutum zai harɗe, alfadari na ja. Na ce wa Mai Girma Sarkin Ciyawa, wanda aka damƙa wa amanarsa, "Ranka ya daɗe, abin nan ba ƙafafu gare shi ba?"

Ya ce, "Ƙafafunsa na ciyawa ne, ba na duwatsun hanya ba. In suka lalace sai an aika Ingila."

Gaskiya ne. Wuyan ɗan dako kuwa a nan gida ake samunsa.

A cikinmu mutum ɗaya ne ya zo ba a kira shi ba, yana ta murmushi: Baba Zubairu, maƙwabcinmu a unguwar Barokinya. Tun da ya fanshi kansa daga bauta, da lauje yake ci. Shi ke yanke ciyawar lambun nan, ya ɗaure dami-dami ya kai wa masu dawakai a unguwar Bitoriya, hukuma ta samu lambu fes, shi ya samu garin rogo. Ranar da inji ya shigo aka nuna masa ƙofa. Shekara guda ke nan tukunyar gidansa na hutawa fiye da alfadarin.

Ya raɗa mini, "Yaro, kama da kyau. Yau gawar maƙiyina zan raka."

Na ce, "Baba, ba mutuwa ya yi ba, hutu zai shiga."

"Kafin ya farka na ci na ƙoshi."

Me ya kawo hutun? Wai maƙeransa sun ce a ƙasarsu, in sanyi ya shigo ciyawa mutuwa take yi, sai a goge inji a ajiye. Manyanmu suka duba suka ga mu ma ai muna da lokacin sanyi, wato damina. Shi ke nan, a ajiye. Ni da na gudu daga gaban malam tun allona bai yi baƙi ba, na zaci damina ce lokacin da ciyawa ke haukacewa. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba.

Kafin a ɗauka sai da aka yi masa wanka. Muka kankare busasshiyar ciyawa daga tsakanin wuƙaƙe, muka goge, muka shanya shi. Manya biyar suna ƙarƙashin laima suna nuna mana inda muka tsallake da bakin sanda. Aka kwance kujerar aka naɗe ta a bargo. Sai maganar mai, don iskar tekun nan ko allura ka ajiye sai ta ci ta da tsatsa. Aka mirgino gangar man kifin da aka ware wa inji, irin wanda muke zuba wa fitila. Da yatsa ɗaya na mirgina ta. Mai Alfarma Uban Makullai, mai riƙe da rumbun, ya leƙa ciki ya ce zafi ne ya shanye. Allah Sarki, zafin da ya san hanyar cire toshiya ya mayar. Mu da muke kwana uku a layin man fitila a bakin kasuwa, mun dai lura tagogin wasu gidaje sun ƙara haske a 'yan makonnin nan, amma zato zunubi ne.

Aka aika wurin Inna Laraba mai ƙosai aka karɓo kwalbar manja. Da ta ji abin da za a yi da shi ta biyo sawu, hannu a ƙugu.

"Ƙarfen ne zai sha manja? To ku sa masa yaji mana. Tururuwa da ɓeraye na gaishe da hukuma."

Aka miƙo mana kwalbar. Muka shafe injin jajir, sai ƙamshi yake kamar ranar suna.

Akwai kuma takalman alfadari. I, takalma, na fata, guda huɗu, don kada kofato ya ƙwarzane ciyawa. Aka ba mu mu shafa musu kitse mu rataye. Abdullahi da ke kusa da ni bawa ne, kuma kun san a garin nan bawa ba ya sa takalmi. Ya juya ɗaya a hannunsa, ya dubi tafin ƙafarsa, ya ce, "Wannan yaushe ya fanshi kansa?" Muka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ba ta isa laima.

Hawan tudun ba zan ba ku labarinsa ba, jiki magayi. Muka dire shi a kan guntayen katako don kada ƙafafunsa su taɓa danshi, aka lulluɓe da tamfol, aka datse ƙofa. Nan Baba Zubairu ya cire hula, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, tun da ya kwanta, gobe in shigo da laujena?"

Sarkin Ciyawa ya dube shi kamar ya ga an kawo kura masallaci.

"Lauje? A lambun da ya ga inji? Baƙi su sauka daga jirgi su ce mun koma baya?"

"Ranka ya daɗe, ciyawar za ta kai ƙugu. Macizai ma..."

"Ta kai wuya. Ranar da za a fito da shi akwai biki, manya za su zo. In ka yanke, me zai yanka a gabansu?"

Baba ya mayar da hularsa zai juya. Sai Uban Makullai, mutum mai tausayi, ya tuna cewa alfadari ma yana hutu, kuma mai hutu yana ci. Ba za a sake shi a lambu ba, kada ya cinye rabon inji. Saboda haka aka yi wa Baba alfarma: kullum ya tafi fadamar bayan gari ya yanko dami ɗaya, ya hauro da shi, a ba shi abin da ya samu.

Ya karɓa. Da babu gara ba daɗi. A hanyar gida na ce, "Baba, ka ga gawar ba ta bar maka gado ba."

Ya ce, "Ta bar mini maraya, yaro. Ga shi zan ciyar."

Daga gobe, tsoho mai furfura zai riƙa wucewa da damin ciyawa a ka, ta jikin katangar lambun da ciyawa ke leƙowa. Ni ban ce an yi kuskure ba, wane ni. In dai kun bi ta wurin, ku gaishe ta da ladabi, don a duk faɗin Bahiya ita kaɗai ce baƙin talaka da zai ɗaga kai damina guda ba a sare shi ba.