Tarin Umma da Maganin da Na Zaɓo Mata

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na yi a gida ina aji huɗu a jami'a ba, ko da na so in manta. Karatun harhaɗa magunguna nake yi, kuma a zangon ne na ci jarrabawar magungunan zuciya da hawan jini, har malamin ya kira sunana a aji. Na dawo Unguwar Dosa kaina ya kumbura. Ƙannena suna ce min "Dakta", ni kuwa ban taɓa gyara musu ba.

Na tarar da Umma, mahaifiyata, tana fama da tari. Busasshe ne, ba majina, ba zazzaɓi, sai dai ya turnuƙe ta tana tsakiyar magana. Na duba ta (da me na duba, oho, ido kawai na zuba mata ina gyaɗa kai), na ce sanyi ne. Na je kyamis na zaɓo maganin mura da tari, irin mai buɗe hanci, har ina yi wa mai shagon bayanin abin da ke cikin kwalbarsa.

Kwalba ta ƙare, tari na nan. Na sayo ta biyu. Sai Umma ta fara kukan ciwon kai, tana cewa zuciyarta na bugawa da ƙarfi. Gwaggo Asabe, ƙanwar Abba, ta zo daga Rigasa ta ja ni gefe ta ce, "Ke, anya ba tarin fuka ba ne?" Ashe Umma ta ji. Daga ranar ta ware kofinta da cokalinta, ta daina ɗaukar jikanta, sai dai ta yi masa wasa daga nesa. Wannan ne ya sa na raka ta asibiti.

Likitar wata dattijuwa ce mai sanyin magana. Ta saurari ƙirjin Umma ta ce lafiya lau. Ta auna jininta, ta sake aunawa.

"Hajiya, jininki ya hau sosai. Kina shan maganinki kuwa?"

"Kullum, likita. Tun da aka sauya min shi ban taɓa tsallakewa ba."

"Yaushe aka sauya?"

"Kafin tarin nan da kamar mako biyu."

Ta ce a fito mata da duk abin da Umma ke sha. Umma ta zazzage leda a kan tebur. Likita ta ɗaga kwalbata ta ce, "Wannan wa ya rubuta miki?"

"'Yata ce, ga ta nan," in ji Umma cike da alfahari. "Ai aikinku take karantawa."

Likita ta dube ni ta saman tabarau. "To 'yata, wane rukunin maganin hawan jini ne ke sa busasshen tari?"

Wallahi daɗi na ji. Na gyara zama na zubo bayani: su ne masu hana jiki sarrafa sinadarin da ke tsuke jijiyoyin jini, amma suna sa wani sinadarin ya taru ya riƙa sosa maƙogwaro. "Kamar lisinofiril," na ce.

Kwalin ƙwayar Umma kawai likita ta juyo min. Sunan da na gama faɗa ne a jiki, ɓaro-ɓaro. Kwalin nan kullum yana kan firij ɗinmu, ban taɓa ɗaga shi ba.

"Mai buɗe hancin fa, me yake yi wa jijiyoyi?"

"Yana tsuke su," na ce. "Jini ya hau."

Umma, da ba ta gane abin da ke faruwa ba, ta ce, "Ta ci ko, likita?"

"Ta ci, Hajiya. Ke ce dai ba ta tambaya ba."

Aka sauya ƙwayar, aka ce a zubar da kwalbar. Cikin 'yan makonni tari ya tafi, jini ya sauka. Da Umma ta fahimci komai, ko sau ɗaya ba ta yi min gori ba, kuma wannan ya fi min ciwo. (Gwaggo Asabe ce ta ɗauke mata nauyin, ta kai labarin har ƙauye.)

Na gane cewa haddace amsa ba wuya, tunda wani ne ke rubuto maka tambayar. Marar lafiya kuwa ba ya zuwa da ita a rubuce. Yanzu da nake aiki a ɗakin magani, duk wanda ya ce in ba shi na tari sai na ce, "Me da me kake sha?" Wasu su ce na cika bin ƙwaƙƙwafi. Ba na musu, sai dai in ce, "Haka ne. To, me kake sha?"