Rumfar Motar Réjean Na-Farko

Allah Ya yi wa titinmu na garin Longueuil mai tsananin sanyi baiwa da mutum guda, Réjean Bellefeuille, wanda muke kira Na-Farko. Kowace shekara, tun ganye bai gama zuba ba, ya riga kowa kafa rumfar motarsa ta tamfol don tare dusar ƙanƙara, ya tsaya a bakinta da kofi a hannu yana kallonmu muna kokawa da ƙarafan namu rumfunan, yana girgiza kai don tausayi. Ya taɓa aiki a sashen ƙusoshi na wani babban kanti. Daga nan ya zama injiniya. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya isa ya sauke shi.

Bana sai basira ta sauko masa. Ya hangi bututun tukunyar gas mai ɗumama gidansa, wanda ya leƙo ta bangon gefe, yana feso tururi a sarari. Abin ya sosa masa rai ƙwarai.

"Zafina ne, daga gidana yake fita, amma tsuntsaye ke morarsa," in ji shi. "Wannan ɓarna ta ƙare daga yau."

Ya ƙaro ƙarafa da tamfol, ya ja rumfar har ta rungumi bango, ta haɗiye bututun, ta haɗa da tagar kicin. Ya bi duk wata kafa ya liƙe, ko sauro ba zai samu hanya ba. Mota za ta kwana cikin ɗumi kamar jaririya.

Matarsa Ghislaine, mai fama da asma tun tana budurwa, a kicin ɗin take yini.

"Réjean, hayaƙi wannan abin yake fitarwa fa, ba turare ba," ta ce. "Tun da ka rufe shi kaina ke sarawa."

"Haba Ghislaine, sanyi ne. Ki sha shayi."

Ƙararrawar iskar guba da ke kicin ita ma ta tsoma baki, ta yi ta ƙara. Gogan ya cire mata batir, don ba ya son rashin kunya.

Ranar Lahadi da rana ya gayyace mu bikin buɗewa. Muka je, don wallahi ba ma ƙin abinci, kuma waken Ghislaine mai ruwan zaƙin itacen maple ba a wasa da shi. Muna shiga ya ja zif ya rufe ƙofa, kada ɗumi ya tsere. Ya hau kan akwatin kayan aiki, ya gyara hula.

"'Yan uwa maƙwabta, tun da aka kafa wannan lardi mutane ke rawar sanyi, suna jiran mai tunani. Ban ce ni ne ba. Ku dai ku duba da idonku."

Muka duba. Ido kuwa ya fara ruwa. Na-Farko ya ga hawaye, ya dafa ƙirji, ya ƙara murya. Tsoho Fernand ya kama dariya ba dalili, ya kasa tsayawa. Madam Odette ta gidan da ke kallon nasu ta zauna a kan tayar mota tana fifita da faranti. Ni kaina sai na ga Réjean ya zama biyu, na ce a raina ɗaya ma ya ishe mu.

"Na san maganata tana da nauyi," in ji shi. "Wanda ya ji jiri ya jingina."

Sai ga Ghislaine ta shigo da tukunyar wake. Ta ajiye ta a hankali a kan bonet, ta buɗe baki tana neman iska, ta sulale ƙasa. Nan dariya ta yanke, kuma ba zan ɓoye ba, na tsorata. Odette ta fizge zif, muka cicciɓi matar muka yi waje cikin dusar ƙanƙara, Fernand ya kira 'yan kwana-kwana.

Suna zuwa suka rufe gas, suka sa wuƙa a tamfol. Na-Farko yana bin su a baya.

"Ta wajen ɗinki, samari, ku bi ta wajen ɗinki. Kun san abin da kuke yankawa kuwa?"

Ghislaine ta farfaɗo a motar asibiti. Ta janye robar iskar da aka sa mata a hanci, ta yafito shi. Ya matso da sauri, a zatonsa yabo ne.

"In an sallame ni, gidan yayata zan wuce," ta ce. "Ka kula da motarka, kada ta yi mura."

A dokar gari sai Afrilu ake sauke rumfuna. Tasa ta sauka tun Disamba. Jiya na wuce na tarar da shi yana haƙo motar daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara, hanci ja wur, ba kofi, ba mai dafawa. Ya jingina da shebur, ya dubi rumfunanmu ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

"Har yanzu ba ku sauke naku ba?"